Ni Ce Kunnen Garayar Baba

Mahaifina makaɗin garaya ne. A Yakasai muka tashi, kuma tun ina ƙarama na san Laraba ba ranar guje-guje ba ce a tsakar gidanmu. Da hantsi zai shimfiɗa buzu, ya sauko da garayar daga inda take rataye, ya sassauta tsirkiyoyinta biyu, ya zare jakin, wato ɗan itacen nan da ke ɗage tsirkiya daga kan fata. Sai ya goge fatar da tsumma, ya shafa wa itacen bayan garayar man gyaɗa kaɗan, ya duba zobban fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin gora, wato sandar wuyanta, ko sun fara cinyewa. Daga nan ya jingine ta a rana, ta hantsi kawai, don ya ce ranar tsaka fasa fata take yi. In ta sha ɗumi sai ya mayar da jaki, ya riƙa tura zobban sama ko ƙasa yana taɓawa har muryar ta zauna. Ba mai sa mata hannu sai shi. Ko Inna, da ta shekara talatin da wani abu a gidan, in za ta yi shara kewaye ta take yi.

Aurena ya mutu a shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, na farkon nan. Na dawo gida da akwatina da bakina, ban zo da wata nadama ba. Na tarar gari ya ɗau zafi da siyasa, kowace jam'iyya tana neman makaɗa. Baba da a da sai biki ko suna, ya koma kusan kullum yana wani taro, tsaye a gefen lasifikar da ta fi shi tsawo.

Ni kuwa Allah Ya ba ni kunne, ba fariya ba. Ina daga cikin ɗaki nake sanin tulu ya kusa cika. Larabar farko da na yi a gida, ina tsintar shinkafa, na ji ya gama gyara ya fara kiɗa, ƙaramar tsirkiya kuwa ba ta kai inda ya kamata ba.

Na ce, "Baba, ƙaramar nan ta yi ƙasa."

Bai ko ɗago ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Ya ce, "Uwata, kafin a haife ki garayar nan take ciyar da gidan nan. Ji da shinkafarki."

Na ji da shinkafata, amma na sa ido. Sai na lura in an yi sallama a zaure ba ya amsawa sai an maimaita sau uku. In Inna na magana, bakinta yake kallo. Rediyo kuma ya koma manna ta a kunnen hagu. Hankalina ya tashi, domin makaɗin da aka ce ya daina ji ya gama yawo, ba mai sake gayyatarsa ko da hannunsa na nan garau. Kuma na san Baba. Ba yunwa yake tsoro ba, a tausaya masa ne ba zai iya ɗauka ba.

Bayan Laraba biyu ko uku, ya gama shafa mai, ya mayar da jaki, ya daɗe yana juya garayar. Sai ya turo min ita a kan buzu ba tare da ya dube ni ba.

"Riƙe min nan, hannuna da mai."

Na karɓa. Na tura zoben ƙaramar sama kaɗan, na taɓa, na ƙara, na sauke babbar ƙiris, har suka yi daidai da muryar da na tashi ina ji. Shi kuwa yana can yana wanke hannu a hankali, wankin da bai taɓa ɗaukar lokaci haka ba. Tun daga ranar kowace Laraba hannunsa da mai, haka ma duk ranar da zai fita taro. Ba mu taɓa yin maganar ba. Inna ta gane, ta yi kamar ba ta gani.

Damina ce ta nemi tona mana asiri. Fata ba ta son danshi. Sai in daidaita garaya da safe, kafin azahar fatar ta saki, jaki ya nutse, murya ta zube. Na samo dabara: in zai fita sai in ɗumama fatar a kan garwashi daga nesa, in daidaita, in naɗe ta a tsohon bargo. Haka zai ɗauke ta a hammata kamar mai kai wa majinyaci abinci kada ya huce. In ya isa ya fara nan da nan, tana kai shi har ƙarshe. Na yi alfahari da wannan dabara tawa, har ina ganin na fi damina wayo.

Ana saura kwanaki zaɓe aka gayyace shi babban taro a wani fili kusa da Ƙofar Mata. Ya fita bayan azahar da bargonsa. Bai fi rabin sa'a ba aka tsuge da ruwa, aka yi ta yi har bayan la'asar. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina kallon indararo, na san abin da ke faruwa a cikin bargon nan. 'Yan amshinsa biyu magidanta ne masu kunne, amma a sana'arsu ɗan amshi ba ya buɗe baki ya ce wa uban gidansa kayan kiɗansa sun kauce. Za su bi shi a haka har a yi musu dariya tare.

Ruwa na tsagaitawa na yafa mayafi. Inna ta ce, "Ina za ki a cikin maza?" Na ce mata yanzu zan dawo.

Na isa ya riga ya fara. Tun daga wajen marina na jiyo ta a lasifika, garayar Baba tana wani irin kuka kamar akuya mai mura. Hannunsa kuwa yana tafiya tsaf, fuskarsa a sake, bai san komai ba. Mutane sun fara kallon juna. Wani mai babbar riga a kan kujera ya rufe baki da hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in je in kife kujerar da shi.

A bakin fili akwai wata mai gasa masara. Na ce mata, "Baiwar Allah, ara min kaskon garwashinki, yanzun nan." Ban jira ta amsa ba na naɗe hannu da mayafi na ɗauka. Na ratsa tsakiyar filin nan, laka har idon sawu, na je na durƙusa na ajiye kaskon a gabansa. Ya dube ni, ya dubi garwashin, hannunsa ya tsaya. Ya gane.

Ya tsuguna ya ɗumama fatar da kansa, yana murza ta da tafin hannu har ta ɗame. Saura daidaita tsirkiya, kuma nan ne ba shi da yadda zai yi. Na yi niyyar in tsaya kusa in riƙa yi masa alama da kai, sama ko ƙasa, ba wanda zai lura. Sai kawai ya miƙo min garayar a gaban jama'a, muryarsa ta fito ta lasifika har bayan ganuwa.

"Uwata, daidaita min. Kin san ni na daina ji."

Na karɓa, don wannan aikin na iya shi. Na tura zobe, na taɓa, na saurara, na ƙara, ban yi gaggawa don kowa ba. Da ta zauna na miƙa masa. Ya yi kiɗan da na daɗe ban ji irinsa ba, har mai masara ta manta da kaskonta tana guɗa.

A hanyar gida ne hawaye suka zo min, na takaici. Wata da watanni ina rufa masa asiri, ga shi makirfo ya tona shi cikin daƙiƙa ɗaya. Da muka shiga lungunmu na matsa kusa da kunnensa na hagu.

Na ce, "Baba, ba ka san abin maganar a buɗe yake ba?"

Ya ce, "Ni na jawo shi kusa da bakina. Mutanen nan shekara arba'in suna jin kiɗana, in za su san kunnena ya tafi, gara su ji daga bakina, ba daga garayata ba." Ya ɗan yi tafiya, sannan ya ƙara da cewa, "Jibi akwai wani taron a Goron Dutse. Ki nemi takalmin kirki, wannan naki ba zai kai ki ba."