Shanyar Kilishi a Umm Salal

Ko zan manta komai na zamana a Doha, ban da ranar da wani Bature ya fitar da ni kunya a kan kilishi.

Lokacin gasar cin kofin duniya ne, ina tuƙin tasi. Matar abokina, wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi, ta haihu a gida, shi kuma ba halin tafiya. Muka ce a nan za mu yi masa walimar suna. Ni da bakina na ce, "Ku bar mini kilishi, gadon gidanmu ne." Na yanyana cinyar bijimi guda, na tsoma a labu, haɗin ƙuli-ƙuli da yaji, na shanya a kan rufin ɗaki a wata gona a Umm Salal, can bayan garin Doha.

Sanyi ake yi, to me zai dame ni? A garinmu da sanyi ya shigo, ruwa ya tafi ke nan sai baɗi.

Ana gobe suna na ɗauki wani dattijon Bature ɗan kallon ƙwallo, daga can ƙurewar arewacin duniya. Muna tafe yana ba ni labarin sanyinsu: da safe ƙanƙara, kafin azahar ruwa, can kuma rana, duk a yini ɗaya. Sai ya leƙa sama ta taga ya ce, "Za a yi ruwa."

Na yi dariya har da dukan sitiyari. "Yallaɓai, ruwa da sanyi? Haba!"

Wallahi ban rufe baki ba ɗigo ya faɗo a kan gilashi. Nan take na tuna da shanyata.

"Innalillahi, kilishina!"

Ina gama yi masa bayani ya ce, "Yalla!" Wato "mu je", iya Larabcin da ya koya ke nan. Na juya mota na take ta, ina salati yana ihu. Muka isa an fara yayyafi. Na haye rufi ina miƙo masa nama, shi yana tarewa da rigar ruwansa, yana rugawa ɗaki yana dawowa. Muna shigar da na ƙarshe ruwa ya kece. Daɗi ya sa na rungume shi, labu duk a rigarsa.

Washegari na gasa, aka ci aka yaba. Angon ƙarni ya riƙe hannuna yana ta godiya. Bature kuwa, da na gayyato shi, yana kan tabarma, yaji na sa shi hawaye, yana neman ƙari.

Tun ranar na daina auna sararin wata ƙasa da na garinmu. In baƙo ya ce za a yi ruwa, shanyata nake fara kwashewa, gardama ta biyo baya.