Ludayin Girkawa a Kan Turmi

Ku matso, 'ya'yana, ku ba ni kunnuwanku. Akwai wani yammaci da ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Shekarar da jikana zai gama jami'a, ya dawo mana Wurno fuska a yamutse. Binciken gero ya yi, gona-gona, tun daga nan har Basirka. Umarni yake rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta zana masa layuka masu hawa da sauka. Malaminsa ya dawo masa da aikin. Wai haruffan Girkawa da ke gefen zanen sun fito akwati-akwati, sauran rubutun kuma kamar ƙafar tururuwa. In bai gyara kafin ranar da zai tsaya gaban malamai ba, sai baɗi.

Ya sauya salon rubutun, akwatunan suka koma haruffa. Saura girma. Ya nuna wa iyayensa, kowa ya ce, "Ya yi kyau." Kara ce kawai.

Bayan la'asar ya kife turmi, ya ɗora kwamfutar, ya zaunar da ni can gindin durumi.

"Amarya, me kika gani?"

"Angon da bai iya noma ba, ƙudaje na gani."

Ya yi dariya, ya taɓa, suka ƙara girma. Na ce har yanzu ƙudaje, sai dai sun ƙoshi. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ni: mai karatu cankar harafi yake yi, ni kuwa sai na gani da idona. Ya ƙara, ya ƙara. Can sai ga ludayi da mariƙinsa, ga wani kamar kifi.

"Ludayi!" na ce.

"Harafin sigma ke nan, Inna! A nan za mu tsaya."

Ranar da ya tsaya gaban malamai, in ji shi, malamin da ke kujerar ƙarshe bai ko ɗauko tabarau ba.

Jikana yanzu yana aikin gona da gwamnati a Gwaram. Mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Turmin ya tsage. Ni kuwa idon ya tafi, ko ludayin ya kai ƙofar zaure ba zan gan shi ba. Amma na riƙe wannan: in za ka nuna wa mutane abu, auna shi da idon wanda ya fi kowa nisa.