Gawayi a Cikin Irin Albasa

Ni haifaffen Salaga ne, ɗan mai sayar da doya, kuma da farko ba a san ni da komai ba sai surutu. Samari, ku saurara.

Da laka na fara. In doya ta ruɓe a gefe, sai in shafe wurin da laka, in tura ta tsakiyar tsibi. Mahaifina ya kama ni, ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne." Na yi dariya a zuci. Daga nan na koma Yendi ina cika gindin buhun masara da totuwa, har asirina ya tonu, na gudu Bawku.

A can na ga manoman rani suna rububin irin albasa. Irin baƙi ne, ƙanana. Na daka gawayi, na tankaɗe, na gauraya da iri kaɗan. Wanda ya fi saye shi ne Baba Awini, wani tsoho Kirista daga Binduri. Ya yi ta ɗibar ruwa yana shayar da gawayi, lambunsa bai tsiro ba. Ranin nan iyalinsa sun sha wuya. Sauran manoman suka kai ƙara, aka ɗaure ni.

Mahaifina ya aiko cewa ba shi da ɗa a kurkuku. Wannan ya fi ɗaurin ciwo, don ban san ƙofar da zan nufa ba in na fita.

Wata ranar kasuwa gandiroba ya ce babana ya zo. Na fito da gudu, sai ga Baba Awini riƙe da kwanon tuwo. Na ce a raina, lalle da guba. Ya gane, ya yanki loma ya ci, ya ce, "Ci, yarona. Ba gawayi ciki." Na ci ina kuka, shi yana dariya.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Na yi fushi sosai, har na kasa addu'a. Amma a coci an koya mana mu so wanda ya cuce mu. Na ga in ban zo ba, fushin zai cinye ni." Bai daina zuwa ba har aka sake ni.

Ranar fitata yana bakin ƙofa da kekensa. Ya kai ni lambun da na kashe, ya share mini gindin mangwaro inda zan riƙa salla. Na tuba, na koyi ban ruwa har tafin hannuna ya yi kanta. Da albasa ta nuna, ya raka ni Salaga da buhu guda, ya ce wa mahaifina, "Alhaji, ni da aka cuta na yafe. Kai me ya rage?" Mahaifina ya daɗe yana kallon hannuwana, sannan ya ce a kawo mana ruwa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Samari, kada ku raina ƙaramar cuta, da laka na fara. In kuma an cuce ku, ku tuna tsohon nan.

Da lokacin shuka ya zagayo, Baba Awini ya miƙa mini jakarsa, ya ce in je kasuwa in sayo mana iri. Na ce, "Ni, Baba?"

Ya ce, "To, wa ya fi ka sanin gawayi?"