Furusawa Tokuji da Koren Jirgin Hayase

An haifi Furusawa Tokuji a shekarar 1919 a ƙauyen Hayase na lardin Akita, ɗa ne ga Genzo mai saran itace da Kiku mai rini.

Aiki

A 1933, bayan ya kammala firamare, ya shiga sashen fenti na Kamfanin Jirgin Katako na Hayase, inda ake yi wa kawunan jiragen ƙasa masu jigilar katako wani kore mai duhu da ake haɗawa da ido kawai, ba a taɓa rubuta ma'auninsa ba. A 1944 aka haɗe kamfanin da wasu, ya zama Sufurin Arewa, aka umarce shi ya mayar da komai baƙi. A 1962 suna ya sake zama Jirgin Kwarin Hayase, launi ya koma ja. Duk ya yi, yana tsaki.

Aure

Ya auri Shizue a 1947, wadda takan ce, "Maigida, sunan kamfaninku ya fi rigunanka yawa."

Ƙarshen Rayuwa

A 1988 mahukuntan garin suka nemi a mayar wa tsohon kan jirgi ɗaya da ya rage launinsa na asali, suka ɗora masa aikin. Hotunan wancan zamanin duk baƙi da fari ne, abokan aikinsa sun rasu. In ya kuskure, koren ya tafi ke nan. Wata biyu yana haɗi. Ashe yanar ido ta riga ta sa yana ganin komai rawaya-rawaya, sai ya yi ta ƙara shuɗi.

A 1990 aka yi masa aikin ido. Da ya ga jirgin, shuɗi ya rinjayi koren, ya zauna a bakin dogo ya yi kuka.

"Wane sakarai ne ya yi wannan?"

"Kai ne, tsoho," in ji Shizue.

Sau bakwai ya rubuta takardar neman izinin gyarawa. Aka ƙi, domin jama'a sun riga sun ƙaunaci launin, tsofaffi ma suna rantsuwa shi suka sani tun suna yara.

Rasuwa

Ya rasu ranar 4 ga Maris 1996, aka ƙone gawarsa bisa al'ada, aka binne tokar a makabartar iyalinsu. Ya bar 'ya'ya uku: Michiyo, Kenzo da Sadako. A wannan shekarar kamfanin ya karrama shi, ya raɗa wa launin da ya mutu yana ƙaryatawa suna Koren Furusawa.