Amshin da ban koya ba

A Zangon Kumasi, kakata Azumi tana sayar da wake da shinkafa. Da an yi magariba za ta ɗora tukunyar gobe, mu jikoki mu kewaye murhu, tana fifita wuta tana yi mana tatsuniya.

Akwai wadda ta fi so. Wata yarinya ce ta ɓace a daji, hanya kuma ba ta buɗe mata sai ta rera waƙa an amsa daga gida. Uwarta ta amsa, ƙannenta suka amsa. Ubanta ya ce shi babba ne, ba zai yi waƙa maƙwabta suna ji ba. Hanya ta tsaya a bakin rafi.

A nan Kaka take rerawa, yara su amsa. Ni ba na amsawa, wai na girma.

"Kai Iliya, an ɗinke maka baki ne?" in ji ta. "To zauna nan, alhajin gida. Yarinya na bakin rafi, sauro na cin ta."

Na haifi 'yata Hadiza a nan Greensboro ta Amurka. Ranar da ta ce waƙa za ta yi sana'a, na tuna abin da za a faɗa a masallaci, na ce ta bar min gida. Shekara tara ke nan.

Bara na je wasanta a ɓoye, a wani zaure kusa da titin Elm. Na tsaya can baya da hulata. Mutanen da ba su san sunan kakanta ba suna amsa mata da baki ɗaya. Wata tsohuwar Baturiya ta kama hannuna muka yi ta rangaji tare. Na yi kuka, na fita kafin a kunna fitilu.

Makon jiya Hadiza ta kira ni a waya, karo na farko.

"Baba, waƙar yarinyar daji da ka taɓa rera min. Zan yi ta ran Asabar. Kai za ka amsa."

Na ce to. Ban gaya mata kiran waƙar kawai na riƙe ba, amshin ban taɓa koyonsa ba. Na buga waya Kumasi, duk waɗanda muka zauna bakin murhun nan sun rasu, sai Yaya Memuna, ita ma ba ta gane muryata.

Da ina ɗauka uban nan na tatsuniyar mugu ne. Yanzu na san matsoraci ne kawai, kuma tsoro yana cinye shekarun mutum.

Ran Asabar a gaba zan tsaya. In ta kira zan buɗe baki, ko me zai fito. Ya Allah, kada ta ga na yi jinkiri ta zaci har yanzu ƙi nake yi.