Ɗan Damben da Ba Ya Ƙifta Ido

A Bukom, unguwarmu ta masunta a bakin teku, kowa malamin dambe ne. Mai ɗinkin koma, mai tura kura, tsohuwar da haƙori ɗaya ya rage mata, kowa da ta cewa a kan naushi. Amma wadda ta san abin da naushi yake yi wa fuskar mutum ita ce Lamile mai kyafa kifi, kuma ba da son ranta ta koya ba. Mijinta Ayi ɗan dambe ne. Duk faɗan da ya yi, maza su ɗauko shi a kafaɗa da kiɗa su dire mata shi, ita ce da ruwan zafi da tsumma. Ya rasu hannunsa ba ya iya kai loma baki. Masu yi masa kirari suka zo jana'iza, suka sha giya, suka watse.

Ɗa ɗaya ya bar mata, Amate. Da ya tasa aka mayar da shi gidan maza, don a al'adarmu maza gidansu daban, hannun ƙanin ubansa Ataa Ablo, mai koyar da dambe a wani kango bayan kasuwa. Lamile ta yi faɗa, ta yi kuka, ba wanda ya kula ta. Da ta ga ba makawa sai ta murɗe kunnen yaron ta ce, "Tunda ka nace, ji ni da kyau. Ka tafi da fuskarka, ka dawo min da ita. Hannu a sama, haɓa a ƙirji."

Ya kuwa ji. Dama tun yana ƙarami Amate mai tattalin fuska ne, ko mai ya fantsamo daga kasko ya riga ya goce. Da ya zama ƙwararre sai ya zama ba ya taɓuwa. A kawo masa naushi ya sunkuya, a sake kawowa ya tare da kafaɗa, ya ɗan ɗana wa mutum naushi biyu ya zame. Alƙalai na ba shi nasara da maki, yana dawowa gida fes. To ka san me mutanenmu suka saka masa da shi? Suna! Tarwaɗa suke ce masa. Makaɗa su ajiye ganguna ana tsakiyar faɗa, wani ya ɗaga murya, "Kai, dambe muka zo kallo ko rawa?" A nan unguwar, in ba ka tsaya an fasa maka baki kana dariya ba, ba ka cika namiji ba. Kai, wannan wauta da yawa take!

Wata Talata, ranar da ba a shiga teku, aka kafa igiyoyi a fili da la'asar, aka haɗa shi da wani ƙato daga Takoradi. Unguwa ta fito kaf. Lamile ta kife kwanonta kusa da igiya ta zauna a kai. Ita ba ta kallon naushin da ɗanta ya kai, kansa kawai take kallo.

Ba a yi nisa ba ta lura da wani abu. Abin da ya zo ta damansa yana goce masa sumul, yadda ya saba. Amma da ƙaton ya lanƙwaso hannu ta hagunsa, sai ji kake tim a kumatu, Amate ko ƙifta ido bai yi ba. Kafaɗar ba ta tashi ba, safar damben ba ta motsa ba. Aka sake, aka kuma. Kuma ga shi yana karkata kai yana kallon abokin karawarsa a kaikaice, kamar kaza.

Fili ya ruɗe. "Ko gezau!" "Jinin Ayi ya motsa!" "Tarwaɗa ya zama dutse!" Gangunan da suka saba yi masa rowa suka ɗauka kamar za su fashe. Lamile ta miƙe tana ihu, "Ablo! Jefa tawul! Ba ya gani! Yaron nan ba ya gani!" Wa zai ji ta? Wata maƙwabciyarta ma rungume ta ta yi tana guɗa, wai yau ta haifi namiji. Can wajen ƙarshe Amate ya sami ƙaton a haƙarƙari, mutumin ya durƙushe bai tashi ba. Jama'a suka tsallake igiya, suka zazzage masa farar hoda ta nasara, a kai, a kan raunin, har cikin idon.

Washegari da hantsi ta bar kifi a kan wuta ta faɗa gidan maza ko sallama babu. Suna zaune a tsakar gida suna cin dokunu, tuwon masararmu mai tsami, da barkono, Ataa Ablo yana tsaye yana kwatanta faɗan da hannu.

"Kun ga yadda ya shanye na daman nan? Ya nuna masa kan ɗan Bukom ba gwanda ba ne. Daga nan mutumin ya karaya. A'a, matar yaya, kin zo karɓar barka?"

"Barkar uwarka," in ji Lamile.

Ta zaga ta tsaya a hagun Amate, yana kan benci yana cin abinci. Ta ɗaga hannu ta kawo masa mari da iya ƙarfinta, ta tsayar dab da kuncinsa. Kowa a wurin ya zabura. Amate ya ci gaba da tauna. Sai da ƙaurin hayaƙin hannunta ya shiga hancinsa sannan ya juyo gaba ɗaya, ya kira ta yadda muke kiran uwa ya ce, "Awo? Yaushe kika shigo?"

Mazan suka ajiye lomarsu.

"Kumburi ne," in ji Ataa Ablo. "Zai sace. Ai likita ya duba shi kafin faɗa."

"Rufe min baki, tsohon banza! Kai kake riƙe masa matashin naushi kullum, ka ce ba ka sani ba? Yaron da ƙuda ba ya sauka a fuskarsa aka yi ta jibga jiya, ku kuna tafi. Jarumta! Makaho kuka yi wa kiɗa, marasa kunya."

Amate ya ajiye kwano ya kama bakin zanenta. "Awo, ki rufa min asiri. Tun bara idon hagun yake yi min duhu. Wurin gwaji na rufe mai kyan, na leƙa ta tsakanin yatsu. Faɗa ɗaya ya rage, na kambun ƙasa. Jiya kin ji yadda suka kira sunana? Ba su taɓa ba, Awo."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai. Ta fizge zanenta, ta wuce da warin kifinta har wurin likitan da ke duba 'yan dambe, ta zauna a ƙofa ta ce ba ta tashi sai an sake kiran ɗanta. Aka kira shi. Likita ya haska idanun ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce na hagu ya tafi, na dama ma ya fara tsagewa daga ciki, naushi mai kyau ɗaya ya ishe shi. Aka karɓe lasisinsa a ranar.

Kana tsammanin an gode mata? Ina! Cewa aka yi ta cinye sa'ar ɗanta. Matan da suka girma tare suka koma sayen kifi a wani wuri, yara suka yi mata waƙa. Ataa Ablo kuwa yana nan a kangonsa, ya samo wani saurayi mai taurin kai yana koya masa tsayuwa.

Amate yanzu yana bin kwalekwale. Hanyarsa ta zuwa bakin ruwa ta gaban murhunta take, ba wata. Kullum idan ya iso sai ya karkata kai ya ba ta ɓangaren hagu, ya wuce bai gan ta ba. Ita kuma ta bi shi da kallo cikin hayaƙi, ta ga ya kauce wa kwata, ya tsallake igiyar koma, ya gaida wani tun daga nesa. Sai ta share ido da gefen zane ta ce da ƙarfi, yadda duk layin zai ji, "Yi fushinka, ɗana. Ɗayan dai yana gani."