Ranar da Inna ta rina gashinta

A Gangara na tashi, a gidan Kaka, mahaifiyar babanmu. Lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba, takan hura wutar kara a tsakar gida, ni da ƙanwata Hadiza mu zauna jikinta ta yi mana tatsuniya. Da yawa na manta su, amma akwai ɗaya da har yau nake jin ta a ƙirjina.

Ina da shekara takwas, babanmu ya aiko cewa yana hanyar dawowa daga Libiya bayan shekara uku. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, furfura ta fito mata da wuri. Sai ta sayo maganin rina gashi a kasuwar Tanut, kwali mai kwalba biyu. Rubutun jikinsa na Faransanci ne, kuma babu mai karanta shi a gidan. Da azahar ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada a gani, ta haɗa ta shafa. Wai don ya kama sosai, ta bar shi har bayan la'asar. Warinsa ya biyo ta ƙasan ƙofa, mai hawa kai, yana sa ido hawaye.

Kafin magariba muka ji tana tari. Kaka ta shiga, ta daɗe, ta fito ta aiki Baffa Idi da babur ya ɗauko manjo, ma'aikacin asibitin garinmu. Aka ce ya tafi wani ƙauye karɓar haihuwa, sai Baffa ya bi shi can. Kaka ta wanke wa Inna kai da ruwa tulu guda, ta bar ƙofar a buɗe, ta hana mu leƙawa. Sannan ta hura wuta kamar kullum.

"Ku matso, ga wata ta zo muku," in ji ta.

Ta ce wata balbela ce ta gaji da farinta, ta je inda gobara ta ci daji ta yi birgima cikin toka har ta koma baƙa ƙirin. Da ta dawo sheƙa da fara a baki, 'ya'yanta suka ga baƙuwar tsuntsuwa, suka maƙale a lungu suna kuka, suka ƙi karɓar abincin.

Nan Kaka ta karkata kunnenta wajen ɗakin Inna. Muna jin numfashin Inna yana fita da ƙyar. Hadiza ta riƙe zanena. Na tambayi Kaka ko 'ya'yan sun mutu da yunwa.

"Ba su mutu ba," ta ce, tana kallona. "Babbarsu ce ta ce a rufe ido a saurara. Uwar ta kira su ɗaya bayan ɗaya, suka gane muryar. Kin ji ko, Rabi? Babbar ce ta fara matsawa."

Ba ta rufe tatsuniyar ba, don a lokacin fitilar babur ta hasko zaure. Manjo ya yi wa Inna allura. Ya ce amoniya, sinadarin da ke cikin maganin, ita ta shaƙe ta a rufaffen ɗaki, kumburin da ta yi kuwa jikinta ne bai karɓi maganin ba. Da numfashinta ya daidaita aka ce mu shiga.

Ban gane ta ba. Fuskar ta kumbura, idanun sun rufe, goshin duk ƙuraje. Hadiza ta ja da baya za ta gudu. Inna ta ce, "Rabi, ke ce?" Na runtse ido, na je na zauna jikinta. Can sai na ji Hadiza ta zauna bayana.

Na daɗe ina ɗauka Kaka habaici ta yi wa surukarta. Sai da na girma na tambayi tsofaffin gidanmu, babu wadda ta taɓa jin tatsuniyar balbelar nan. A wurin ta ƙirƙire ta, cikin tsoron ko Inna za ta kai safe, don kada matar da ta sha wannan wuya ta ji 'ya'yanta sun gudu daga gare ta.